Begilar da Kawu Ya Toshe da Tsumma

Kawu ya rasu ranar wata Talata da hantsi, tsakiyar damina, yana zaune a kan bencinsa na ƙofar ɗaki, kofin koko na gefensa bai ko sha rabi ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Kafin azahar lungunmu na Maamobi a Accra ya cika har ba wurin taka ƙafa. Waɗanda suka tsallako gwata, babbar magudanar ruwan da ta raba mu, daga unguwar Nima a tsaye suka yi zaman makoki, jingine da bango, don benci ya ƙare.

Kowa da irin gaisuwar da ya zo da ita. Maame mai burodi, 'yar Asante da muka yi shekaru muna shanya a igiya ɗaya, ta shigo hannu biyu a ka tana "due, due," hawaye har wuya. Matan ƙabilar Ga masu kifi suka ce "kpoo," suka ajiye mana itacen girki suka fita. Wata tsohuwa Bazabarma ta ce ita dai abin da ta sani, tunda take ba ta taɓa gaishe shi ya amsa mata a zaune ba. Samarin bakin shagon tela, waɗanda ya sha yi wa faɗa kan tsayuwa a karkace, su suka yi ta rububin kama makara. Tsofaffin 'yan sanda abokan aikinsa 'yan kaɗan ne suka zo, saura duk sun riga shi. Suka jeru a waje, huluna a hannu, ƙafafu a haɗe, ba wanda ya yarda ya zauna.

Mutum ɗaya ce ba ta yi kuka ba, matarsa, Gwaggona. Tana zaune a kan tabarma a ƙuryar ɗaki, ta miƙe ƙafafu, idonta a kan bango. Mata na shiga suna durƙusawa suna fitowa, kuma ba sa bari su yi nisa kafin su fara.

"Kin ga idonta kuwa? A bushe ƙamas."

"Ai kurma ne, bai san abin da ake ciki ba," in ji wata da Hausarmu ta Zongo.

Na ji su sarai. Da ba makoki ake ba da sun san wadda suka taɓa, don ni 'yar kasuwa ce, bakina ba ya kwana da bashin magana. Na haɗiye ne saboda tsoro ya fi fushi yawa a cikina. Gwaggo ta san abin da ake ciki fiye da kowa. Tun da aka fita da shi ba ta ce uffan ba, ba ta sa komai a baki ba sai ruwa, shi ma sai an ɗora mata kofi a leɓe. Kwana ya bi kwana a haka. Ina kallon wuyanta yana ramewa, na san ta kama hanyar bin sa, kuma na rasa yadda zan yi in tare ta.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ina so a san wane ne Kawu, a kuma san abin da Gwaggo take kallo a jikin bangon nan.

Ba kawuna ba ne na jini. Mijin ƙanwar Babana ne. 'Ya'yan da Allah ya ba su duk sun koma tun suna jarirai, sai aka ba su ni riƙo ina fitowa daga yaye. Na tashi ina ce masa Kawu, ba wanda ya gyara mini, sunan ya bi shi har unguwa ta ɗauka. Ubansa soja ne, daga arewa ya gangaro Accra cikin rundunar Turawa. Shi kuma ya shiga ɗan sanda, aka sa shi cikin 'yan badujala, masu kiɗan fareti, aka ba shi begila. Ita ya busa har ya yi ritaya, aka bar masa ita ya taho da ita gida. Bayan haka ya yi 'yan shekaru yana gadin rana a wani shago a Kokomlemle, kullum a ƙafa yake zuwa, wandonsa da kari, takalminsa na ƙyalli ko da taɓo ya kai idon sawu. Duk Juma'a da safe sai ya sauko da begilar nan ya goge ta da toka da lemun tsami.

Turancin Kawu na bariki ne, na "hagu, dama, tsaya." Amma yana da wata kalma guda da ya riƙe kamar gado. Labarin yadda ya same ta na ji shi har na haddace. Wani ɗan sanda ne ya rasu, abokin ɗakinsa a bariki, aka ce Kawu ya busa masa sallamar ƙarshe a bakin kabari. Ya busa lafiya har ya kai dogon sautin rufewa, sai numfashinsa ya ɗan karye, ya yi rawa, sannan ya kamo shi ya ƙarasa. Ya tabbata hukunci zai sha. Shugaban badujala, wani tsohon Bature da bai taɓa yabon kowa ba, ya tako ya tsaya a gabansa, idonsa ya yi ja, ya ce masa poignant, ya juya ya tafi. Kawu "poyinan" yake faɗin ta, haka mu ma muka koya.

Ya ce ya tambayi akawun bariki, aka ce masa baƙin ciki ne. Ya tambayi wani malamin makaranta, ya ce abin tausayi ne. Duk bai gamsu ba.

"Baƙin ciki gudunsa ake yi," in ji shi. "Tausayi kuwa, kana tsaye ne kana kallon wanda ke ƙasa. Abin da na gani a fuskar tsohon nan ba ko ɗaya ba ne. Ya ji zafi, kuma da na sake busawa tsayawa zai yi ya sake ji."

Yaran unguwa har Baba Poyinan suke ce masa a bayan idonsa. Wanda bai san shi ba zai ɗauka kullum tana bakinsa, alhali mai rowar kalmar nan ne na gaske. Sai a shekara bai faɗe ta ba. In wani ya ara don tsokana, a ce miya ta ƙone ko ƙwallo ta ƙi shiga raga, sai ya haɗe rai. "Kada ku ɓata ta," yake cewa. "Zanen da ake ɗaurawa kullum ba ya zuwa biki."

Na fara jin ya yi amfani da ita da gaske lokacin da aka kori baƙi marasa takarda, ina 'yar budurwa. Maƙwabcinmu wani tsoho ne mai gyaran takalmi, a nan ya yi furfura, amma aka ce ba ɗan ƙasa ba ne. Ranar da babbar mota ta kwashe su, lungu ya rikice da kuka, har da maza. Ni ma ina kuka na ce, "Kawu, wannan ce poyinan ɗin?"

"A'a," ya ce. "Wannan masifa ce. Masifa sunanta masifa."

Washegari da safe muna zaune, mai koko ta sauke tukunyarta a inda ta saba. Ta zuba wa kowa. Sai ta ɗauki wani tsohon kwano, ta cika shi, ta sa ƙosai biyu a murfi, ta ajiye a kan dakalin mai gyaran takalmi, ta ɗaga murya za ta kira shi. Nan ta tuna. Ta tsaya da ludayi a hannu tana kallon ƙofar da aka datse da kwaɗo. Kawu ya taɓa gwiwata, ya nuna mini da haɓa, ya faɗi kalmar a hankali. Mai kokon ba ta ɗauke kwanon ba sai da ta gama ciniki.

Shekarar da sojoji suka rushe kasuwar Makola ina da aure, ina da teburin atamfa a can. Na wayi gari ba tebur ba kaya. Gidan Kawu na fara zuwa, ban ko je gidan mijina ba. Na zube a gabansa ina kuka ina cewa to ga kalmarka nan yau ta same ni. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce, "Uwar kasuwa, tashi. Wannan zalunci ne, fushi ake yi masa. Kada ki lulluɓe shi da kalma mai laushi." Haushi ya kama ni, na ce to wai ita wannan kalmar taka mece ce, da kowane kuka muka kawo sai ka ce ba shi ba ne? Ya daɗe yana tauna goro kafin ya amsa.

"Abin da ya soke ki ne, kuma ba ki so a zare."

Ban gane ba a ranar, kuma na gaya masa ban gane ba. Amma washegari shi ya raka ni gidan wata ƙawar uwarsa a Nima, ya tsaya mini aka ba ni kaya na fara talla a ka. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa komai ba, a gabana ya cire hula.

Sai rigimarsa da Babana. Ba zan ɓoye ta ba, don duk Zongo an san ta. Baba limami ne a wani ƙaramin masallaci a Nima, ɗan gidan malamai, mutum mai gaskiya amma mai tauri. Tun farko bai so ƙanwarsa ta auri mai busa ba. Ya haƙura ne kawai, suna gaisawa sama-sama. Abin ya fashe a maƙabarta. Wani tsohon abokin Kawu na badujala ya rasu, kuma ashe sun yi alkawari tun suna samari cewa wanda ya rage zai busa wa wanda ya riga. Yayana da ke wurin shi ya ba mu labari. Baba ya gama addu'a, ana shirin juyawa, sai Kawu ya zaro begila daga cikin babbar riga ya ƙame ya fara. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka yi ta hawaye. Baba bai bari ya ƙarasa ba. Ya ce a gaban jama'a wannan bidi'a ce, ƙahon Nasara ne, Musulmi ba ya buƙatar a raka shi da kiɗa, kuma abin kunya ne a ce surukinsa ne ya yi.

Kawu ya sauke begilar. Bai yi musu ba. "Malam, na ji," ya ce. "Ba za ka ƙara jin ta ba."

Ya dawo gida ya yagi tsohon zanen Gwaggo, ya cusa a faffaɗan bakin begilar, inda sauti ke fita, ya rataye ta a ƙusa. Ni ban ce Baba bai da hujja ba, malami ne, ya san abin da ya karanta. Ina dai ganin da ya bari tsohon ya ƙarasa numfashinsa, ya ja shi gefe daga baya, da ba abin da ya ragu a addini. Daga ranar Baba bai ƙara shiga ɗakin nan ba. In ya zo gaida ƙanwarsa a tsakar gida yake tsayawa, Kawu kuma ya miƙe ya ce sannu da zuwa Malam, ya fita bakin titi har sai ya tafi.

Shekarar yunwa, lokacin da mutane ke ta dawowa daga Legas da jakunkuna, zazzaɓi ya kwantar da Gwaggo. Mun fid da rai. Ta tashi, amma kunnuwanta ba su tashi ba. Tana magana, da ƙarfi ma fiye da da, sai dai ko kwano aka yar a bayanta ba ta waiwayowa. Ba ta damu da rashin jin hira ba, takan ce gulmar tsakar gida ce ta huta da ita. Kiran sallah ne ya cinye ta. Mace ce da ta tashi a gidan da ladan ke kira a ƙofarsu. Sai ta ga mata na ɗaukar buta sannan ta san lokaci ya yi. Wata rana ta ce mini, "Kowa ana kiransa, ni sai dai in gani a jikin mutane." Ta faɗa tana dariya, amma ta juya fuska.

Wata la'asar na biyo daga talla na ɗaga labule ba sallama, tunda gidanmu ne. Ladan na kira a waje. Na tarar da su a kan tabarma suna fuskantar juna. Begila na bakin Kawu, tsumman na nan a cushe, tafin hannun Gwaggo a shimfiɗe a kan faffaɗan bakin. Kumatunsa sun cika, jijiyar wuyansa ta tashi, amma abin da ke fita bai fi gunjin ƙudan zuma a cikin tulu ba, ko a ƙofa ba a ji. Ita kuwa ta lumshe ido. Rawar ƙarfen take ji a hannunta. Ya ja dogo, ya huta, ya sake ja, yana bin ladan har ya gama. Ta buɗe ido ta ce, "Allahu akbar," ta miƙe ta ɗauki buta.

Da ta fita na ce, "Kawu, ai da ka taɓa ta kawai ka nuna mata buta, da ka huta."

Ya dube ni kamar na zagi wani. "Akuya ake zungura," ya ce. "Mutum kiransa ake yi. Kowa a unguwar nan ana kiransa zuwa ga Ubangijinsa, don me ita za a zungure ta?"

Ashe haka suke yi kowace sallah, tun daga asuba. Ya bar gadin Kokomlemle saboda haka, ya ce wa mutane ƙafa ce ta gaji. Ya roƙe ni kada in gaya wa Baba. Ya ce ya yi alkawari ba za a ƙara jin ta ba, kuma ba a ji, amma ba ya son a sake wata magana da za ta sa a raba Gwaggo da abin da ya rage mata. Na riƙe masa. Na tambaye shi a ranar, cikin tsokana, ko wannan ce kalmar tasa. Ya yi tsaki. "Wannan aiki ne," ya ce. "Je ki ɗora mana ruwan zafi."

To, abin da Gwaggo take kallo a bango ke nan. Duk lokacin sallah mata sai su taɓa kafaɗarta su nuna mata buta. Takan tashi ta yi, ta dawo ta zauna, ta buɗe tafin hannunta a kan cinya, ta bar shi a buɗe. Na gwada busa begilar da kaina ranar da ɗaki ya yi sauƙin mutane. Iska kawai ta fita da yawu. Gwaggo ta dube ni, ta mai da idonta bango.

Ranar sadakar bakwai aka kafa rumfa aka tare lungu. An soya masar sadaka, malamai na karatu, Baba na tsakiya. Bayan an shafa, wani tsohon saje, babban abokin Kawu da ya rage, ya matso ya rusuna ya ce suna da roƙo. Su tsofaffin 'yan badujala suna so a ba su begilar marigayi su ajiye a inda suke taruwa, don tunawa. Ina raba masar a faranti a gefe, na ji Baba ya ce, "Ku ɗauka. Yau ma ku tafi da ita."

Farantin ya kusa suɓuce mini. Na san in begilar nan ta fita daga ɗakin, makara ce za ta sake shiga. Mace ba ta tsoma baki a rumfar maza, balle 'ya a gaban ubanta. Na aika a ce wa Baba ana son ganinsa a ciki. Ya same ni a bayan randar ruwa, na durƙusa.

"Baba, a gafarce ni, akwai maganar da aka ba ni amana. Mai amanar ya tafi, ita kuma wadda aka yi dominta tana shirin tafiya."

"Ke, yi magana sosai, mutane na jira na."

Na gaya masa duka. Tsumman, tafin hannun, asuba da azahar da sauran, barin aikin gadi, da maganar akuya. Ban rage ba, ban kuma sassauta ba. Na ce, "Shekara da shekaru shi ne ladaninta, da abin da ka ce ƙahon Nasara ne. In ka ba da ita, to ka sa a fara haƙa."

Ban taɓa yi wa Baba magana haka ba. Na jira mari ko tsawa. Ya daɗe yana kallon labulen ɗakin, gemunsa na motsi kamar yana tauna wani abu, sannan ya juya ya koma rumfa. Na zauna a wurin na yi kukan da ban yi ba tun ranar Talata, don na ɗauka na ɓata komai.

La'asar ta yi. Ladan ya ɗaga murya daga masallacin lungu, inda aka roƙi Baba ya ja sallah a ranar. Ina ɗaki kusa da Gwaggo da kofin kokon da ta ƙi tun safe, sai labule ya ɗaga. Baba ne. Ya cire takalmi, ya shigo ɗakin da ya ƙaurace wa tun ranar maƙabarta. Ya miƙa hannu ya sauko da begilar, ya juya ta yana neman ta ina ake kamawa. Ya ga tsumman ya fara ja.

Na ce, "Baba, a bar shi, za a ji a waje."

"Ni na sa aka toshe ta," ya ce, ya zare shi ya ajiye.

Ya zauna a gaban ƙanwarsa, da ƙyar, don gwiwoyinsa sun tsufa. Ya ɗauki hannunta ya ɗora a bakin begilar. Ya hura. Ba abin da ya fito sai huci. Ya sake, fuskarsa ta yi ja, rawaninsa ya karkace. Ladan ya kai rabi. Saje da ya biyo shi don karɓar kaya yana tsaye a bayan labule, tunda ba ya shiga wurin mai takaba. Ya gane abin da ake yi, ya yi gyaran murya.

"Malam, ba hura wuta ba ne. Matse leɓe. Yi kamar za ka tofar da ɓawon gyaɗa daga kan harshe."

Baba ya matse leɓe ya tofa. Wani mummunan sauti ya fashe a ɗakin, kamar an taka ɗan akuya. Hayaniyar rumfa ta tsaya cak. Duk Maamobi da Nima da suka zo sadaka sun ji, kuma kafin magariba kowa ya san limami ne ya busa. Bai tsaya ba. Ya sake, wannan karon ya ɗan riƙe.

Yatsun Gwaggo suka motsa a kan ƙarfen. Ta ɗauke idonta daga bango, ta sauke shi a kan wanta. Ta dube shi ta dube shi. Sai ta buɗe baki, muryarta a dushe saboda kwanakin shiru, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa.

"Yaya, ba haka yake yi ba. Shi yana ja da tsawo."

Tana rufe baki kukan ya zo. Ba irin na makoki ba ne da ake yi ana kallon ƙofa. Ta kife goshinta a kan begilar, kafaɗunta na girgiza, tana kiran sa da sunan da ban taɓa jin ta kira shi ba. Baba ya riƙe begilar bai sake ba, hawaye na bin gemunsa. Matan da suka ce idonta a bushe yake suna cunkushe a tsakar gida, suna ji. Da ta lafa ta share fuska da gefen mayafi, ta ce a miƙo mata buta. Bayan ta idar ta dubi kofin kokon ta ce ya huce, a ɗuma mata.

Saje ya tafi hannu wofi, bai ƙara tada maganar ba. Da Gwaggo ta fita takaba ta koma gidan Baba a Nima, begilar na cikin kayanta. Ta ƙara 'yan shekaru kafin ita ma ta tafi. Baba bai taɓa iya busar ba, har ƙarshe tana yi masa gyara, wasu malamai kuma ba su daina yi da shi ba. Bai amsa wa kowa ba, bai kuma fasa ba.

Amma ranar bakwai ɗin nake so in rufe da ita. Baba ya fito daga ɗakin yana gyara rawani, ya tsaya sa takalmi, ni ina riƙe masa labule. Bai dube ni ba ya ce, "Wace kalma ce ma yake faɗa, wadda yara ke tsokanarsa da ita?"

Na faɗa masa. Ya gwada ta a bakinsa, ba ta zauna ba.

"Me take nufi?"

Na ce, "Ya ce abin da ya soke ka ne, kuma ba ka so a zare."

Ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ya dubi bencin Kawu da ba wanda ya yarda ya zauna a kai tun ranar Talata.

"Kullum in na zo sai ya miƙe mini," ya ce. "Ko sau ɗaya ban ce masa ya zauna ba."

Ya sa ɗaya takalmin ya tafi, jama'a na jiransa a sahu. Daga tsakar gida na ji kabbararsa ta farko. Ba ta fito daidai ba, leɓensa ya kumbura.

Ya Allah, bawanka da ya yi shekaru yana kiran mutum ɗaya zuwa gare ka ba tare da kowa ya ji ba, ka kira shi da kira mai daɗi ranar da za ka tashe mu. Ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa, ka haɗa shi da Gwaggo a inda kunnenta zai buɗe.